Na'urar Zuƙe Rauni da Sharuɗɗan Aiki da Ita

Sharhinmu na yau a kan raunin tiyata ne da ya ƙi warkewa, da na'urar da likitoci ke ɗauko masa.

Akan yi wa mutum babban aiki a ciki ko a ƙirji, a ɗinke, bayan kwanaki sai ɗinkin ya buɗe, ruwa da mugunya su yi ta tsattsafowa. An fi ganin haka ga mai ciwon suga, da mai ƙiba sosai, da wanda ƙodarsa ta gaza, da wanda doguwar jinya ta ramar. Abin da aka saba yi shi ne wankin ciwo safe da yamma, wata da watanni. Duk wanda ya yi zaman jinya ya san ihun da ake sha idan nas ta zo ɓare bandejin da ya manne.

Dabarar da muke magana a kai ta yi kama da ƙahon wanzami, sai dai ita ba a tsaga, kuma zuƙar ba ta tsayawa. Likita zai yanka soso na musamman daidai faɗin ramin, ya cusa, ya lulluɓe da leda mai manne fata yadda iska ba za ta shiga ba. Sai ya haɗa siririn tiyo zuwa ƙaramin inji. Ana kunnawa za ka ga soson ya lotsa, ledar ta lafe, ruwan ciwon ya kama hanya zuwa cikin mazubi. Ƙarfin zuƙar yawanci 125 ne a ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi. Da haka kumburi ke saɓewa, bakin raunin ya matso, jan nama sabo ya tofo daga ƙasa. Soson kuwa sai bayan kwana biyu zuwa uku ake canza shi.

Masana biyu a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Louis Argenta da Michael Morykwas, su suka fito da ita sarari a rahotonsu na 1997. A 2005 mujallar Lancet ta buga gwajin da aka yi wa masu ciwon suga 162 da aka yanke wa wani sashe na ƙafa: kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa injin sun warke, a cikin waɗanda ba a sa wa ba kuma kashi 39. Amma wani gwaji a Birtaniya a 2018, kan masu mummunan karaya a ƙafa wadda ƙashi ya ɓullo, bai ga ta fi bandeji ba. Ashe ba kowane rauni take yi wa rana ba.

Tana kuma da haɗari. A 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce ta sami rahoton mutuwar mutum 12 da ke da alaƙa da ita, kuma zubar jini ne babban abin tsoro. Shi ya sa ba a ɗora soson a kan jijiyar jini da ke buɗe, ko raunin da ke da sankara, ko ruɓaɓɓen naman da ba a kankare ba. Mai shan maganin tsinka jini sai an sa masa ido sosai. Sannan inji ba ya saukar da suga. Idan majinyaci ba ya samun ƙwai, wake, kifi ko nama, da me jikin zai gina sabuwar tsoka?

A wajenmu akwai ƙarin matsala, wato wutar lantarki. Ƙa'ida ita ce idan injin ya tsaya fiye da awa biyu, a cire soson a koma bandeji, domin soson da ba a zuƙa matattarar ƙwayoyin cuta ne. Asibitin da zai sayi injin, ya fara tanadar batir ko sola, da nas ɗin da aka koya wa aikin.

Ku kuma masu jinya, don Allah kada ku kashe injin wai ƙararsa ta hana barci. In kun ji iska na tsiyaya ta gefen leda, ku faɗa wa nas. In kuwa kun ga jan jini yana cika mazubin, a nan ne za ku kashe injin, ku kira likita nan take. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.