Wa Ya Ga Tatsar? Raddi Ga Mai Cewa Sai An Tsare Hantsa Nono Ke Halatta

A wata walimar aure da aka yi a Kafanchan, wani malami da nake girmamawa ya yi wa ango da amarya nasiha, nasihar ta zarce ta koma fatawa. Ba zan kira sunansa ba, don maganarsa nake bi, ba shi ba. Abin da ya faɗa huɗu ne. Ya ce Yahudawa sun fi mu kishin cikinsu, domin ba sa shan nonon da ba a tatsa a gaban ɗayansu ba. Ya ce a gari irin namu, mai kasuwar aladu a Katsit, bai kamata Musulmi ya sha nono ko yogot ba sai ya san hannun Musulmi ne ya tatsa ya dama. Ya ce barin abin da ake kokwanto shi ne tsentseni. Ya rufe da cewa duk wanda ya fi riƙo tsakanin miji da mata, shi ne zai shimfiɗa wa gidan doka. Mutane suka yi kabbara. Ni kuwa na koma gida na buɗe littattafai, ga abin da na samo.

Allah gafarta Malam, batun Yahudawa ka faɗi rabinsa ka bar rabi. Gaskiya ne akwai dokar. Tana cikin Mishna, kundin fiƙihunsu da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, a babin da ke magana kan hulɗa da waɗanda ba Yahudawa ba, kuma nonon da aka tatsa a kan idonsu suna kiransa halab Yisra'ila. Amma me suke tsoro? Ba hannun mai tatsa ba. Tsoronsu kada a garwaya nonon saniya da na dabbar da Attaura ta haramta musu, kuma a cikin waɗannan dabbobi, kamar yadda sura ta 11 ta Littafin Firistoci ta lissafa, akwai raƙumi. To, mu nonon raƙumi halal ne gare mu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura mutanen Uraina su sha shi don neman lafiya, kuma yau ana sayar da shi a Kano da Agadas. Shingen da suka gina, sun gina shi ne don kare gonar da ba tamu ba.

Sannan su kansu ba su taɓa zama a kan magana ɗaya ba. A ƙarni na 17 wani malaminsu, Hezekiya da Silba, ya ce inda ba a tatsar dabbar haram, ko nononta ya fi na saniya tsada, babu sauran dalilin tsaro. Musa Sofa na Firesbag, wanda ya rasu a 1839, ya ƙi, ya ce dokar magabata ba ta faɗuwa don dalilinta ya kau. A shekarun 1950 kuma Moshe Fainstain, babban mai fatawarsu a birnin Niyok, wanda ya rasu a 1986, ya halatta madarar kamfanonin Amurka. Hujjarsa ita ce jami'an gwamnati na duba kamfanonin, kamfani na tsoron tara da rufewa, saboda haka sanin da ya kai yaƙini daidai yake da gani da ido. Ya ƙara da cewa mai son ya tsananta wa kansa ya kyauta. Yau Yahudawa masu riƙo da addini da yawa a Amurka wannan fatawa suke bi, wasu kuma suna nan kan tsohon tsari, suna sayen madara mai hatimin sa ido da tsada. Malam ya ɗauko mana ra'ayi mafi tsanani cikin gardamar wasu mutane, ya miƙo mana shi kamar ijima'i. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yanzu mu dawo gida. Wane littafi namu ya sharɗanta addinin mai tatsa? Malam ya karantar da Risala ta Ibnu Abi Zaid fiye da sau goma, ya san babin yanka da abinci. A can aka bayyana halaccin abincin ma'abota littafi, abin da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta zo da shi. Har Majusawa ma, waɗanda ba a cin yankansu, Risala ta ce abincinsu da ba ya bukatar yanka ba haram ba ne. Nono ba a yanka shi. Ƙa'idar Malikiyya, kamar yadda take a Muhtasar na Halil, ita ce nono yana bin hukuncin naman dabbar da ya fito daga jikinta. Saniya halal ce, nononta halal ne, ko Bafulatani ya tatsa, ko Bajju, ko injin wani manomi a Holan.

Bukhari ya kawo labarin tafiyar da ƙishirwa ta kama Sahabbai, aka zo da wata mata mushirika ɗauke da salkuna biyu, aka sha daga ruwanta, wani ma ya yi wankan janaba da shi. Ya kuma kawo cewa Sayyadina Umar ya yi alwala a gidan wata Banasariya. A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa an tambayi Annabi game da naman da sababbin shiga Musulunci ke kawowa, ba a san ko sun ambaci sunan Allah ba, ya umarci masu tambaya su yi bisimilla su ci. Nama ke nan, wanda asalinsa sai da yanka. Ina ga nono?

Akwai waje ɗaya da Malam zai iya fakewa, bari in kawo masa shi da kaina. Imamu Malik ya ƙyamaci cukun Majusawa, kuma Ɗurɗushi, Bamalikin da ya zauna a Iskandariyya ya rasu a 1126, ya rubuta risala sukutum a kan haramcin cukun Rumawa. Sai dai abin da ya dame su shi ne infaha, wato ɗan abin nan da ake cirowa daga tumbin jaririn dabba a daskarar da nono da shi. Idan daga mushe aka ciro, ga matsala. Wannan magana ce ta cuku, ba ta kindirmo ba, kuma Abu Dawud ya ruwaito an kawo wa Annabi cuku a Tabuka ya yi bisimilla ya yanka. Warar nono da matan Fulani ke yi a ƙasarmu ma da ruwan tumfafiya ake daskarar da ita, babu tumbin kowa a ciki.

Batun Katsit ne ya fi ba ni mamaki. Kasuwar aladu tana ci ran Alhamis, ana loda motoci zuwa kudu, wannan kowa ya sani. Amma wa ya taɓa ganin ana tatsar alade? Nononta ba ya zuba sai na ɗan lokacin da bai kai minti ɗaya ba, ta kan nonuwa goma sha wani abu, kuma uwar ba ta tsayawa kowa ya taɓa ta. Wanda zai sha wannan wahala don ya cuci mai sayen nonon naira ɗari biyar, asara yake nema. Mai algus da abu mai araha yake yi. Idan kuma kwano ne abin tsoro, hadisin Abu Sa'alaba ya riga ya yanke: idan akwai wani kwanon a yi amfani da shi, idan babu a wanke a ci. Ruwa da sabulu ne magani, ba ƙaurace wa maƙwabci ba.

Ni na tashi ina ganin matan ruga suna shigowa gari da hantsi, su jera ƙorai kusa da tashar jirgin ƙasa. Mace ta sauke ƙwarya daga gammo, ta ɗaga faifai, ta kaɗa da maburgi, ta ɗebo a ludayi ta ɗaga sama ta tsiyayo don ka ga kauri, curin manshanu na yawo a gefe. Babu mai tambayar ta wa ya tatsa. Da ma ba ita ke tatsa ba. A rugagen wannan yanki maza da samari ne ke kwance maruƙa daga dangwali su tatsa da safe, su miƙa wa mata, daga nan nonon ya zama nasu. Wata mai bincike, An Watas-Baya, ta zauna da Fulanin Abet kusa da Zonkwa, ta fitar da littafi a 1988 a kan wannan sana'a ta mata, tun daga tatsa har kasuwa. Abin da mai saye ke dubawa a ludayin nan shi ne ruwa. Da rani, in shanu sun rame, nono ya ja baya, wasu na ƙara ruwa, su zuba garin 'ya'yan kuka don kauri ya dawo. A yanzu wasu na dama madarar gari su kwantar su ce kindirmo ne. Ga cutar bakkale da tarin fuka na shanu, waɗanda ke bin ɗanyen nono su shiga mutum, har likitocin dabbobi sun sha zuwa Ladduga, makiyayar Kachia, suna gwajin garke saboda su. Duk waɗannan ba su san addinin mai saniya ba. Tafasa nono ke kashe ƙwayar cuta, tsoron Allah da hukuma ke hana algus. Labarin yarinyar Madina da ta ƙi zuba ruwa a nono cikin dare, Sayyadina Umar ya ji ta ya aurar da ita ga ɗansa Asim, har Umar ɗan Abdul'aziz ya fito daga zuriyarta, Malam ya fi ni saninsa. Uwarta da ta ce a zuba ruwan Musulma ce. Malam ya bar jaki yana dukan taiki.

Kuma shayin da aka raba a walimar, da madarar gwangwani aka haɗa shi. Ban ga wanda ya tambayi addinin Baturen da ya tatsi saniyar ba. Ashe dokar ba za ta faɗa kan kamfanin ƙetare ba, sai kan matar nan 'yar Kagoro mai ƙulla yogot a leda tana biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta. Garin da layin dogo ya tara wa Hausawa da Fantsuwam da Ibo da Yarbawa tun 1927, garin da ya ga rikicin Maris na 1987, ya ga kasuwarsa ta ƙone a Afrilun 2011, bai rasa abin raba shi ba balle a ƙaro masa da ƙwaryar nono. Mun ji zafi lokacin da aka riƙa yaɗa jita-jitar cewa nonon Fulani da guba, kada a saya. Abin da Malam ya faɗa, juyin wainar wannan ne.

Tsentseni kuwa, na yarda da hadisin barin abin da ke sa kokwanto, yana cikin Tirmizi. Amma kokwanto sai da alama. Wanda ba shi da alama wasuwasi ne sunansa. A Muwaɗɗa, Amru ɗan Asi ya tambayi mai tafki ko namun daji na sha a ciki, Umar ya hana mai tafkin amsawa. Umar bai san tsentseni ba ne?

Saura magana ta huɗu, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na ga aikinta. Wani ƙanina, matarsa ta dawo daga wani karatu ta ware masa kofi da cokali, saboda yana sayen yogot a shagon abokin aikinsa Kirista. Ta hana yara karɓa daga hannunsa. Ran nan ƙaramar 'yarsa ta ce masa, "Baba, Umma ta ce naka ba na Musulmi ba ne." Ya ajiye ledar a bakin ƙofa ya fita, bai ci abincin dare a gidan ba. Sai da iyaye suka zauna. Na kuma san gidan da mijin ne mai tsananin, ya hana matarsa karɓar furar da goggonta ke aiko mata saboda bai san inda aka sayo nonon ba.

A ina Malam ya samo cewa mai tsanani ke mulkin gida? Farkon Suratut Tahrim ya sauka ne bayan Annabi ya haramta wa kansa zumar da yake sha a ɗakin Zainab 'yar Jahshi don ya faranta wa wasu matansa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, aka yi masa gyara. Idan mafificin halitta bai samu damar mayar da halal haram don zaman gida ba, wace ce za ta ɗora wa mijinta, wane ne zai ɗora wa matarsa? Dubi kuma Mudawwana. Malik ya ƙyamaci auren mace ma'abuciyar littafi, kuma daga cikin dalilan da aka kawo har da cewa za ta ci alade ta sha giya ta je coci, mijin ba shi da ikon hana ta. Mazhabar da ta ɗaure hannun miji a kan abin da yake haram ƙarara a wurinsa, saboda halal ne a addinin matar, ta yaya za ta sake masa hannu a kan abin da yake halal gare su duka biyun?

Yahudawan da Malam ya yaba ma suna da wannan matsala a gidajensu, inda ɗan gidan tsanani ya auri 'yar gidan sassauci. Abin da ya shahara a fatawarsu shi ne mace ta bi al'adar gidan miji, ko ta tsanani ce ko ta sauƙi, kuma da yawa cikin malamansu sun raba tsakanin al'adar da aka gada da nauyin da mutum ya ɗora wa kansa. Akwai gidajen da za ka buɗe firij ka ga kwalin madara iri biyu. Babu inda ƙa'idar ta zama wai wanda ya fi tsanani shi ne sarki.

Abin da na yarda da Malam a kai shi ne wannan: matar da ranta bai kwanta da wani nono ba, kada miji ya tilasta ta, kada ya yi mata dariya a gaban yara. Annabi ya bar cin damo don ransa bai so ba, Halidu ɗan Walid ya janyo ya ci a gabansa, bai hana shi ba, bai kuma ware masa akushi ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ƙanin nawa yanzu yana sayo kindirmo daga ruga saboda ita, yogot kuma saboda kansa da yara, kofin da aka ware ya koma cikin 'yan'uwansa a kwando. Malam na da karatun Risala bayan magariba ran Asabar. Zan zo da nawa kwafin, mu buɗe babin tare.