Wa Ya Auna Ruwan Baga Road?

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kifi ta Baga Road, ƙamshin bandar Tafkin Chadi ke tarbarsa, ba ya tambayar abin da ke ƙarƙashin sawunsa. Mu kam muna tambaya. Gidan mai yakan mutu, a tuge famfuna, a kafa shaguna, alhali tankin ƙarfen da aka binne yana nan yana tsatsa, ragowar fetur na tsiyaya cikin rairayi har ta cim ma ruwan rijiya. Cikin fetur kuwa akwai sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini.

A 2011, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar Ogoni ya tarar da wannan guba a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ninki 900 na haddin Hukumar Lafiya ta Duniya. Can bututu ne ya yoye, nan tanki muke tsoro. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Saboda haka muke kira ga hukumomin BOSEPA da NMDPRA: a ƙidaya tsofaffin tankunan wannan hanya, a ɗebi ƙasa da ruwan burtsatsen da 'yan garuwa ke saidawa, a auna, a shelanta sakamako da Hausa da Barbarci. Da wannan ruwa ake wanke kifi, da shi ake alwala, shi 'ya'yanmu ke sha. Allah Ya sa a ji.