Kwamfutar Rangwame: A Auna Kafin A Biya

Daga shigowar watan Nuwamba har zuwa ƙarshen Disamba, da wuya a buɗe waya ba a ci karo da tallar rangwame ba. Wannan kamfani ya ce ya zabge kashi 30 cikin 100, wancan ya ce rabin kuɗin ya yafe, wani kuma ya kafa agogo a jikin hoton kayan yana ƙirga mintocin da suka rage. Cikin kayan da aka fi kaɗa wa matasa ganga a kansu akwai kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda 'yan kasuwa ke kira laftof.

Babu shakka buƙatar wannan na'ura gaskiya ce. Ɗalibin jami'a da ita zai rubuta kundin bincikensa, mai koyon zane ko rubuta manhaja ba shi da kayan aiki sai ita, mai shagon buga takardu da cike fom kuwa da ita yake ciyar da gidansa. Tun 2015 ma hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya. Abin tsoron shi ne, mafi yawan 'yan uwa matasa sau ɗaya tak za su iya irin wannan sayayya a cikin shekaru masu yawa, da kuɗin da aka tara ta adashi, ko aka sayar da rago, ko mahaifiya ta fasa asusunta. Wanda ya yi kuskure a nan ba shi da wasu kuɗin da zai gyara. Saboda haka ya zama dole a tsaya a yi wa juna nasiha kafin kuɗi su bar aljihu.

Da farko ya kamata a san inda wannan al'ada ta fito. A Amurka akwai bikin godiya da ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, washegari kuma jama'a su fantsama kantuna sayayyar Kirsimeti. 'Yan sandan birnin Filadelfiya ne suka yaɗa kiran ranar da Black Friday, wato Baƙar Juma'a, a wajejen shekarun 1960, saboda irin cunkoson da ke hana su sakat. A 2005 ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ta ƙaro wata rana, Litinin mai biye, domin masu saye ta intanet. Haukan rububin ya kai a 2008 jama'a suka tattake wani ma'aikacin kantin Walmart a jihar New York har lahira, suna rige-rigen shiga. Daga baya shagunan intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, suka shigo da abin Nijeriya. A ƙasashen Larabawa kamfanin Souq ya ga sunan bai dace da ranar da Musulmi ke girmamawa ba, sai ya mai da shi Farar Juma'a a 2014. To, suna dai ya canza, amma dabarar tana nan: a hana mai saye sararin tunani.

Sai kuma a tambaya, shin rangwamen ma na gaske ne? Ƙungiyar kare masu sayayya ta Ingila mai suna Which? ta sha bin diddigin farashin kayan da ake tallatawa a wannan rana, kuma a bincikenta na 2022 ta gano fiye da kashi 90 cikin 100 na kayan da ta duba ana samunsu a kan wannan kuɗi, ko ƙasa da haka, a wasu lokuta na shekara. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. A ce kwamfuta tana Naira 400,000 a watan Oktoba. Sai a rubuta mata 500,000, a ja layi a soke, a ce an rage kashi 20 cikin 100. Mai saye ya biya 400,000 ɗin nan dai, ya koma gida yana murna ya ci riba. Yawan wannan wasa ne ya sa Tarayyar Turai, daga watan Mayun 2022, ta wajabta wa duk mai tallar rangwame ya nuna mafi ƙarancin farashin da ya sayar da kayan a kwanaki 30 da suka gabata. A nan gida akwai hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa don kare masu saye, amma wanda bai san farashin kaya a jiya ba, ba zai ma gane an yi masa wayo a yau ba, balle ya kai ƙara.

Wannan ke nan game da farashi. Amma babban tarkon yana cikin na'urar kanta, kuma baki biyu gare shi.

Baki na farko shi ne sabuwar kwamfuta mai rauni. Tana zuwa a kwali, da ledarta, tana ƙyalli, ga araha. In aka karanta abin da ke ciki sai a tarar injinta Celeron N4020 ne, wanda ya fito tun 2019, kuma tun a lokacin na masu ƙaramin ƙarfi ne. RAM ɗinta, wato wurin da take baza aikin da take yi a lokacin, gigabayit 4 ne. Ma'ajiyarta kuma gigabayit 64 ce ta nau'in eMMC, mai tafiyar hawainiya. Wannan shi ne daidai mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema kafin ya tashi, kuma shi kaɗai zai cinye sama da gigabayit 20 na ma'ajiyar. Da an buɗe shafuka goma a intanet tare da takardar rubutu, sai ta fara nishi. Abin takaicin ma, a yawancin irinta RAM ɗin da ma'ajiyar a liƙe suke da jikin allon injin, babu damar cirewa a ƙara. Wasu masu tallar kuma sukan rubuta terabayit guda da manyan baƙaƙe, alhali kuwa wurin ajiya ne a intanet na shekara ɗaya, wanda sai da data ake kaiwa gare shi, in shekarar ta cika kuma a nemi kuɗi. Haka nan Chromebook: tana da amfaninta a makarantun da intanet ba ta yankewa, amma ba ta ɗaukar manhajojin Windows irin su SPSS da AutoCAD, waɗanda ɗalibai da yawa ba za su gama karatu sai da su ba.

Baki na biyu shi ne tsohuwar kwamfuta da masu ita suka yar. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, sai ɗan ƙarin wa'adi na shekara ɗaya da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista, zuwa Oktoban 2026. Shi kuwa Windows 11 bai yarda da kowace na'ura ba. Yana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a injinan Intel, in ban da 'yan ƙalilan, daga zubi na 8 yake farawa, wanda ya fara fitowa a 2017. A na AMD kuma daga Ryzen 2000, shi ma ba duka ba. Ma'anar wannan ita ce ofisoshi da makarantu a Turai da Amurka suna ta sauke na'urorin da suka gaza wannan sharaɗi, kuma kowa ya san inda irin wannan kaya ke ƙarewa: Computer Village a Ikeja, Banex a Abuja, titin Beirut a Kano. Wasu dillalai sukan ɗora musu Windows 11 ta bayan gida don mai saye ya gani a allo ya natsu, alhali Microsoft ya faɗa a fili cewa bai lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawa ba. Wanda zai riƙa shiga asusun bankinsa ko ajiye bayanan abokan cinikinsa a na'urar da ba a toshe mata ƙofofin ɓarayi, to ya san abin da ya saya.

Kada a fahimci cewa kayan hannu haramiyar saye ne. Hasali ma, sau da yawa kwamfutar ofis ta hannu, irin su ThinkPad T480 ko Latitude 5490 ko EliteBook 840 G5, waɗanda suka fito a 2018, ta fi sabuwa mai Celeron ƙarfi da ƙarko nesa ba kusa ba, kuma ana buɗe ta a ƙara mata RAM. Sai dai ko a cikinsu akwai masu injin zubi na 7, don haka lambar injin ce abin dubawa. Ga yadda ake karanta ta: a i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin, wato 8, ita ce zubin, a i5-1135G7 kuma biyun farko, wato 11. Da yawa sukan ruɗu da jin i7, su ɗauka ko yaushe ya fi i5. Ba haka ba ne. Shi i7-7500U cibiyoyin aiki biyu gare shi, shi kuwa i5-8250U huɗu, ga shi kuma Windows 11 ya karɓe shi, wancan bai karɓa ba. Dillali ya san wannan sarai. Wajibi ne mai saye ma ya sani.

To mene ne ma'aunin? Ɗan uwa ya fara rubuta aikin da zai yi da na'urar a takarda kafin ya kalli kowace talla. In karatu ne da rubutu da ayyukan ofis, kada ya sauka ƙasa da RAM gigabayit 8 da ma'ajiyar SSD mai gigabayit 256. In tace bidiyo ne ko zane mai nauyi, to 16 ya kamata ya nema. Kada ya sayi ƙarami da niyyar ƙarawa daga baya sai ya tabbatar akwai gurbin ƙarin, ya kuma san cewa a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi wa abin da masana'antu ke ƙerawa wawaso. Allon kallo mai 1920 da 1080 ya fi mai 1366 da 768 sauƙi ga idon mai dogon karatu. Batir kuwa, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alƙawari, rabin kwamfutar ne. Windows na iya fitar da rahoton lafiyar batir da umurnin powercfg /batteryreport, inda za a ga ƙarfin da aka ƙera shi da shi da abin da ya rage masa. A sa dillali ya buɗe a gani, a cire caja a zauna da ita, a gwada kowane maɓalli, da kyamara, da ramukan USB, a tabbatar babu kalmar sirri a BIOS ko kullen wani kamfani a kanta. Dillalin da ya ƙi a gwada kayansa, ya riga ya ba da amsa. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin da aka yarda a mayar, domin ba a cinikin biri a sama.

Sannan a yi lissafi da shekaru. Wanda ya sayi ta Naira 240,000 ta gaza masa bayan shekara biyu, ya biya 120,000 ke nan a kowace shekara. Wanda ya daure ya sayi ta 360,000 ta yi masa shekara huɗu, 90,000 ya biya. Mai arahar shi ya sayi tsada. Masu saƙon a sayo musu daga Amurka su ma su haɗa da canjin dala, wadda ta tashi daga wajejen Naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, da kuɗin dako da na kwastan, su kuma tuna cewa kafin kayan su iso kwanakin mayarwa sun wuce, garantin ma ba lallai ya yi aiki a nan ba.

Mafi muni duka shi ne cin bashi don gudun kada rangwame ya wuce. Manhajojin ba da rance na nan sun baza komarsu a daidai wannan lokaci, da kuɗin ruwan da ke cinye rangwamen ya haɗa da uwar kuɗi. Ban da haramcin riba da kowa ya sani, an ga yadda wasunsu ke aika saƙon tozarci ga duk lambar da ke wayar wanda ya makara biya, har sai da hukumar FCCPC ta far musu a 2022. Matashin da ya sayar da mutuncinsa don ragin Naira dubu talatin ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya ci gaba da tarawa. In ma yana da tsohuwar na'ura a hannu, a sa mata SSD a ɗora mata Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana sabunta su, ta riƙe shi kafin hali ya samu.

A ƙarshe, akwai nauyi a kan 'yan uwan da Allah Ya hore wa sanin wannan fanni, masu gyara da ɗaliban kimiyyar kwamfuta, su riƙa raka na ƙasa da su kasuwa, su karanta musu lambobin nan. Masu sayarwa kuma su ji tsoron ɓoye aibin kaya, su faɗa wa yaro gaskiyar zubin injin da lafiyar batir ko da cinikin zai fasa. Shi kuwa mai saye, ya fara rubuta farashin abin da yake so tun makonni kafin ranar. In ranar ta zo ya ga na'urar da ya riga ya auna ta sauko da gaske, to ya saya, Allah Ya sa albarka. In kuwa agogon da ke ƙirga mintoci ne kawai ke ingiza shi, ya kashe wayar ya kwanta. Kasuwa ba ta tashi daga ranar Juma'a guda, kuɗin mahaifiya kuwa in sun tafi, sun tafi ke nan.

Allah Ya sa a dace.