Kafin ka rubuta "kayan alatu", juya gindin tulun ka duba

Maudu'inmu na wannan mako daga ɗakin kakarmu ya fito.

A gidanmu na Kurfi akwai wani tulun fure na gilashi, shuɗi, mai dogon wuya da zanen ruwan zinare da ya fara koɗewa. Tun muna yara yake saman kabad ɗin Hajiya Babba, tsakanin tasoshi da kwanukan samira, ba mai taɓa shi sai ranar sharar sallah. A gida sunansa "tulun Makka", domin ta zo da shi ne daga aikin hajji a zamanin mulkin Gowon. Da aka zo kwashe kayan ɗakin za a mayar da ita Dutsin-Ma wajen kawunmu, sai muka juya shi don mu naɗe a zane. Muka haska fitilar waya a karkace, sai ga wani rubutu dishi-dishi a gindinsa: Czechoslovakia.

Muka ce, "Hajiya, ashe tulun nan naki ba na Makka ba ne." Ta ce, "Kai tafi can, ɗan nan, da kuɗina na saye shi a bayan Harami." Gaskiya ta faɗa, mu ma ba ƙarya muka karanta ba. Inda aka sayi abu daban, inda aka ƙera shi daban, kuma a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe idan mun zauna rubutu.

Ku duba abin da kalma ɗaya ta ba mu. Ƙasar Cekoslobakiya an kafa ta a 1918, ta rabu gida biyu a ranar 1 ga Janairun 1993, aka sami Jamhuriyar Cek da Sulobakiya. Ke nan tulun ya girmi duk wanda aka haifa bayan 1992, har da mu masu wannan rubutu. Yankin Bohemiya na ƙasar ya shafe ɗaruruwan shekaru yana sana'ar gilashi, kuma garinsu Jablonek ya yi suna wajen duwatsun ado na gilashi da aka riƙa kawowa Afirka ta Yamma. Haka idan ka ga West Germany a gindin kofi, ka san tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi. Ƙasashen sun shuɗe, sunayensu na nan a ɗakunan iyayenmu mata.

Ko babu rubutu, gilashi yana magana. Wanda aka hura da baki sau da yawa za ka ga tabo a tsakiyar gindinsa kamar cibiya, wurin da aka ɓalle sandar ƙarfen da maƙerin ya riƙe shi da ita yana gyara bakin. Wani maƙerin yakan goge tabon ya bar ɗan rami mai santsi. Wanda aka zuba a mazubi kuwa yana da siririn layi kamar ɗinki daga sama zuwa ƙasa, inda ɓangarorin mazubin suka haɗu. Ƙananan kumfa a cikin jiki da ɗan rashin daidaito a kauri suna yawan nuna aikin hannu, amma kada a rantse a kansu, don na zamani ma ana yin su da gangan. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne gogar gindi: ƙarce-ƙarce barkatai na shekara hamsin ana ɗagawa ana ajiyewa. Namu yana da cibiya gogaggiya, ba shi da ɗinki.

Mun san wani zai ce, mu ƙagaggen labari muke rubutawa, ina ruwanmu da gindin kwalba? Ruwanmu kuwa har da tsaki. Ku buɗe labarai goma da aka saka a wannan zaure, ku ƙirga sau nawa aka ce "falon ya ji kayan alatu na gani na faɗa", ko "komai na ɗakin daga Dubai aka zo da shi". Mu ma mun rubuta hakan, ba mu fid da kanmu ba. Mai karatu bai ga komai a wannan falo ba. Amma a ce tsohuwa ta ƙi yarda a sa tulunta a buhu ɗaya da tukwane ranar da za ta bar gidan da ta yi shekara hamsin a ciki, ta rungume shi a cinya har Dutsin-Ma, an gama gaya maka wace ce ita ba tare da an ce "mace ce mai riƙon abin tarihi" ba.

Akwai kuma wata cuta ta biyu, wato ɗaukar cewa duk abu mai kyau na gilashi daga waje ya zo. A Bida ta ƙasar Nufe akwai unguwar Masaga, inda zuriya bayan zuriya suke narka gilashi suna yin awarwaro da duwatsun wuya. A da da kansu suke haɗa gilashin daga yashi da kanwa, daga baya suka koma narka kwalabe. S. F. Nadel ya yi bayaninsu a littafinsa na 1942, kuma a 2021 UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu. A Ile-Ife, binciken Abidemi Babalola a Igbo Olokun ya nuna ana haɗa gilashi a wurin tun wajen ƙarni na 11. Nan kusa da mu, a Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Mani, tonon da aka yi a 1992 ya fito da kayan ƙarfe da suka zo daga ƙasashen Musulmi na gabas ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Kaya sun daɗe suna yawo, wasu suna shigowa, wasu namu ne. Marubucin da ya sa wa jarumarsa awarwaron Masaga ya ce na Indiya ne ya tauye haƙƙin wani maƙeri, ko da bai sani ba.

Gargaɗi ɗaya: kada a ɗauki hoto a nema a intanet, a ga mai kama da shi da farashin dala, a fara lissafin sayen fili. Kama da wane ba ta wane. Irin namu masana'antu da yawa sun yi su don kasuwa, kuma tambarin sunan ƙasa kawai ya bayar. Abin da babu a intanet shi ne wanda ke bakin mai kayan: nawa ta saya, wa ya raka ta kasuwar, me ta fasa saye don ta same shi. Wannan kuwa yana tafiya da mai shi, kuma a yankinmu, inda rashin tsaro ya sa gidaje da yawa yin ƙaura, kayan ma kan riga masu su watsewa, wasu hannun dillaliya, wasu a fashe a hanya.

Aikin wannan mako: kowa ya nemi tsohon abu ɗaya a gidansu, gilashi ko tangaran ko tasa. A nemi izinin mai shi tukuna, a ɗauki hoton jikinsa da na gindinsa, a tambaye ta labarinsa, a rubuta mana sakin layi biyu, ɗaya abin da ta faɗa, ɗaya abin da kayan ya nuna. Hajiya Babba dai ta saurari bayanin Bohemiya har ƙarshe, ta ce mu mayar mata da tulun Makkanta inda muka ɗauko shi.