An yanke tumbi a Alƙahira, wa zai yi jinya a Sabo?

Jama'ar Sabo, wata sabuwar haja ta shigo unguwar nan ta cikin wayoyinmu, kuma lokaci ya yi da za a yi maganarta a fili. Dillalan asibitocin waje, waɗanda muka saba gani suna haɗa wa mutane tafiyar dashen ƙoda da aikin gwiwa a Indiya da Masar, yanzu sun ƙaro tiyatar rage tumbi don rage ƙiba. Tallar iri ɗaya ce kullum: hoton Hajiya kafin aiki, hotonta bayan aiki, sai farashi a dala wanda ya haɗa da biza da masauki da motar ɗauko mutum daga filin jirgi. Mako ɗaya ko kwana goma, wai an gama, ka dawo sabon mutum. Abin da babu shi a cikin farashin, babu shi kuma a cikin tallar, shi ne duk abin da zai biyo baya tun daga ranar da jirgi ya sauka a Legas har ƙarshen rayuwar mutum.

Kada wani ya ce muna yaƙi da aikin. A'a. Aiki ne na gaskiya, likitocin duniya sun daɗe suna yin sa, kuma ana yin sa a nan gida Nijeriya ma, a Legas da Abuja. Mutumin da tsawonsa mita 1.65 ne amma nauyinsa kilo 110, ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwa ta ƙi ɗaukarsa har sai ya yi salla a kan kujera, wannan ba kwalliya yake nema ba, lafiya yake nema. Tun 1991 hukumar lafiya ta Amurka ta fitar da ƙa'idar waɗanda suka cancanci aikin, a 2022 kuma ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta ta don a haɗa da ƙarin masu ciwon suga. Da yawa sugansu yana sauka sosai bayan aikin, wasu har a dakatar musu da allura. Rigimarmu da masu sayar da rabin magani ce a kuɗin cikakke, da kuma ɗabi'ar ɓoye-ɓoye da take taimaka musu.

Bari mu faɗi abin da ake yi wa mutum a ɗakin tiyatar, domin da yawa a cikinmu sun ɗauka kitse ake zuƙewa. Ba a taɓa kitse ko kaɗan. A aikin da aka fi yi, wanda likitoci ke kira silib, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi waje, a bar ɗan siriri kamar ayaba, a matse gefensa da 'yan ƙananan ƙarafa. Abin da aka cire ya tafi ke nan, babu mayarwa. A ɗayan kuma, baifas, ana ware wata 'yar jaka kamar girman ƙwai a saman tumbin, a haɗa ta kai tsaye da hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. A waje 'yan huje-huje huɗu ko biyar kawai za ka gani a fatar ciki, shi ya sa ake raina abin. A ciki kuwa an sauya wa mutum halittar cin abinci gaba ɗaya.

To, makonnin farko su ne na fargaba. Wurin da aka matse zai iya yin yoyo, ruwan tumbi ya zuba cikin ciki. Kamar mutum 1 ko 2 cikin 100 yake samu, kuma ba lallai ne ya bayyana yana asibitin ba, yana iya bari sai ya dawo gida. Alamunsa fa? Zazzaɓi, bugun zuciya da ya haura 120 a minti ɗaya, ciwon ciki, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama. Ku faɗa mana tsakani da Allah, a gidajenmu idan mutum ya dawo daga tafiya ya kwanta da zazzaɓi, me za a ce? Maleriya ce, ko taifod, ko gajiyar hanya. A aika yaro kemis. Kwana biyu ana ɗura masa maganin maleriya alhali cikinsa yana ruɓewa, ga asibitin koyarwa na UCH nan kusa da mu, wanda ko a Keke ba wata tafiya ba ce daga Mokola. Haka ma gudan jini a jijiyar ƙafa: mai ƙiba da aka yi wa tiyata, ya zauna awanni a jirgi, ya ɗora da zaman mota daga Legas zuwa Ibadan, shi ne abincin wannan ciwo. Ƙafa ɗaya ta kumbura, a shafa man zafi a murza. Gudan ya ɓalle ya tafi huhu, sai dai a ji salati.

Me ya sa iyali ba sa ganewa? Saboda ba a gaya musu ba. Nan ne gizo ke saƙar. Hajiya za ta ce Umara ta tafi, ko ta je duba ido, ko sarin kaya a Istanbul. Alhaji zai ce harkar canji ce ta kai shi. Wani lokaci mijin ne kaɗai ya sani, wani lokaci ko shi bai sani ba sai aminiya ɗaya. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma cikin da aka yanke kashi huɗu cikin biyar na tumbinsa ba wurin ajiye irin wannan sirri ba ne. Ranar da mutum ya faɗi sumamme, wanda zai kai shi asibiti shi ne zai amsa tambayar likita, kuma idan bai san komai ba likitan zai ɓata awanni yana laluben abin da jimla ɗaya za ta warware.

Masu ɓoyewar ba mahaukata ba ne, sun san bakin unguwa. A nan ne mace mai jiki ake mata kirari da matar manya, a sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe don su ciko kafin biki, sannan in ta wuce misali a koma yi mata dariya a bayan ido. Ta je ta nemi magani ta rame, sai a ce ta raina halittar Allah, ko a ce kishiya ta yi mata sammu, ko a fara raɗe-raɗin ciwon zamani. Masu wannan baki su sani cewa suna da kaso a duk abin da ya sami wadda ta ɓoye ciwonta don tsoronsu. Wadda aka yi wa aikin haihuwa ba ta ɓoyewa, wanda aka cire wa ƙaba ba ya ɓoyewa, a je a gaishe su da lemo da ayaba. Me ya bambanta wannan?

Sai batun kemis, kuma muna roƙon 'yan'uwanmu masu shagunan magani su karanta nan sau biyu. Wanda aka yi wa wannan aiki, musamman baifas, ba a ba shi diclofenac, ba a ba shi ibuprofen ko piroxicam, ba a ba shi aspirin sai da izinin likitansa. Garin Alabukun da ake kaɗawa a ruwa a sha don ciwon jiki, aspirin ne a cikinsa. Waɗannan magunguna suna haddasa gyambo a daidai mahaɗar da aka ɗinke, ya yi jini ko ya huje. Na biyu ya fi wannan tsanani. Mutum yana ta amai mako biyu, uku, ba abin da ke zama a cikinsa, ya galabaita, sai a ce a sa masa ƙarin ruwa a gida ya ji ƙarfi. Jikin ɗan Adam ba ya ajiye bitamin B1 fiye da na 'yan makonni. Idan ya ƙare sannan aka ɗura ruwan gulukos ba tare da an fara ba da bitamin ɗin ba, ƙwaƙwalwa ce take taɓuwa: mutum ya rikice, ido ya riƙa rawa ko ya ga abu biyu-biyu, tafiya ta gagara. A unguwar nan sunan wannan iska ko jifa, sai a nufi wurin mai ruƙiyya. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a yi ta a hanyar asibiti, domin wannan lahani in an makara ba ya gyaruwa. Masu ciwon suga da hawan jini kuma, ƙwayoyi da allurar da suke sha kafin aiki sukan yi musu yawa bayansa. A ci gaba da sha yadda aka saba, suga ya faɗi ƙasa warwas cikin dare.

Mu zo kan akushi, inda ƙauna take zama cuta. Tsarin da aka saba bayarwa shi ne kamar mako biyu na ruwa-ruwa zalla, sai mako biyu na abin da aka dama ya yi laushi kamar na jariri, sai mai taushi, ba a komawa abinci sosai sai wajen mako shida zuwa takwas. Ko an koma ɗin, 'yan cokula ne, a tauna sosai, ba a haɗa ci da sha, sai an ba da tazarar kamar rabin awa. Ana son nama ko kifi ko ƙwai ko wake su riga tuwo shiga, domin jiki na bukatar furotin giram 60 zuwa 80 a rana kuma wurin zubawa kaɗan ne. Ruwa lita ɗaya da rabi, kurɓi-kurɓi tun safe har dare. Lemon kwalba mai gas an yi sallama da shi. Yanzu ku kawo wannan mutum gidan suna a Sabo. Ga waina, ga tuwon shinkafa, ga amala da teba na maƙwabta, ga Inna a tsaye a kansa: "Haba ɗan nan, ɗan wannan za ka ci? Ko ka raina girkin ne? Ƙara loma ɗaya don Allah." Ita ba ta san loma ɗayar nan za ta iya tsaya masa a ƙirji ya kwana yana amai ba. Fura da nono da aka zuba wa suga, ko kunun aya mai zaƙi, ga wanda aka yi wa baifas sukan zarce hanji a guje, cikin rabin awa sai gumi da jiri da bugun zuciya da gudawa, bayan awa biyu kuma suga ya faɗi jiki ya hau rawa. Inna ba ta da laifi tunda ba a gaya mata ba. Wanda aka gaya wa kuma ya ci gaba da tilastawa, wannan ba karamci yake yi ba.

Azumi ma haka. Wanda ke shan ruwa kurɓi-kurɓi ba zai iya rama ƙishin yini guda tsakanin magariba da asuba ba, ba zai iya cika ciki da sahur ba. Shari'a ta ba marar lafiya uzuri, malamanmu sun fi mu sani. Amma wanda ya ɓoye aikinsa kunya za ta sa ya ɗauki azumi watanni kaɗan bayan tiyata don kada a tambaye shi dalili. Muna roƙon limamanmu su ambaci wannan a tafsiri, yadda suke ambatar masu ciwon suga da masu juna biyu. Ga matan aure kuma, ramewar tana buɗe haihuwa, har ga wadda ta daɗe tana nema. Likitoci suna cewa a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, saboda jikin da ke zubar da kilo-kilo kowane wata ba shi da abin ciyar da ɗan tayi. Wannan magana ce da dole miji ya sani kafin a sayi tikiti.

Wasu abubuwan masu wucewa ne: zubar gashi daga wata na uku zuwa na shida, jin sanyi, kasala, fatar da ta saki. Wasu ba sa wucewa da kansu. Ƙwannafi mai tsanani bayan silib, tsakuwa a matsarmama saboda saurin ramewa, ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12 da ke sa tafin ƙafa ya mutu ko ya riƙa zafi, raunin ƙashi. Maganin ukun ƙarshe shi ne ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da na ƙashi kullum, da gwajin jini a kai a kai a shekarar farko, sannan duk shekara har abada. Wane dillali ne ya taɓa lissafa wa mutum kuɗin wannan a naira? Kuma shekaru ba sa kawar da haɗarin. Lisa Marie Presley, tsohuwar matar Michael Jackson, ta rasu a Janairun 2023 tana da shekara 54, binciken gawa ya nuna toshewar hanji ce sakamakon tabon irin wannan aiki da aka yi mata shekaru da suka wuce. A Amurka ke nan, da kuɗinta da likitocinta. Hukumomin Birtaniya ma sun sha gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa Turkiyya yin tiyata bayan mutuwar wasu daga cikinsu, su da suke da asibitin gwamnati kyauta da zai karɓe su in sun dawo.

Don haka duk dillalin da ya shigo Sabo da wannan haja, ga abin da muke so a tambaye shi a gaban shaidu kafin a ƙirga masa ko dala ɗaya. Wane aiki takamaimai za a yi, silib ko baifas, kuma waye likitan? Kwana nawa mutum zai zauna a can kafin a yarda ya hau jirgi? Wane likita ne a Ibadan ko Legas ya amince, da bakinsa, zai karɓi jinyar in an dawo? Idan aka samu yoyo, wa zai biya kuɗin aiki na biyu? In ya ce a turo saƙo ta WhatsApp likita zai amsa, a tambaye shi ko WhatsApp na iya buɗe ciki da ƙarfe biyun dare. In ya fara rantse-rantse da cewa shi duk waɗanda ya kai lafiya lau suke, a nemi ya haɗa ku da wanda ya shekara uku da yin aikin, ba wanda ya dawo watan jiya ba.

Waɗanda kuma suka riga suka yi, kuma mun san akwai su a cikin masu karanta wannan shafi, ba mu ce ku yi shela a masallaci ba. Mutum biyu a gida su sani, ɗaya daga cikinsu wanda yake kwana kusa da ku. Takardar sallama daga asibitin, a tabbata da Turanci take ba Larabci ko Turkanci ba, a yi mata kwafi, a ɗauki hotonta a waya, a gaya wa mutanen nan biyu inda take. A je a buɗe kati a asibiti tun ana lafiya, a yi gwajin jini na farko. Wanda ya shekara bai yi ko ɗaya ba, ya tafi cikin makon nan, ya ce a duba masa yawan jini da sinadarin ƙarfe da B12 da bitamin D.