Ruwan Rijiyar Baitalami da Jinin Uriya

 A wannan mako ina so mu buɗe littafin Sama'ila na 2, sura ta 23, wurin da yawancinmu kan tsallake, wai don jerin sunaye ne masu wuyar faɗi. Sunayen jarumawan Sarki Dawuda ke nan, su 37, waɗanda suka yi zamani wajen shekara 1,000 kafin haihuwar Almasihu.

Dawuda bai fara da 'ya'yan sarauta ba. Sa'ad da yake gudun Sarki Saul ya fake a kogon Adullam, mutum wajen 400 suka taru wurinsa, daga wanda bashi ya yi wa katutu, sai wanda duniya ta juya wa baya. Amma rundunarsa ta fitar da mazaje irin su Ele'azara, wanda ya yi ta sara har hannunsa ya manne wa takobi, da Shamma da ya tsaya shi kaɗai ya tsare gonar wake, da Benaiya da ya shiga rami ya kashe zaki ranar da ƙanƙara ke zuba.

Labarin da ya fi taɓa ni kuwa na wasu uku ne da ba a faɗi sunansu ba. Wata rana Dawuda yana kogon nan, Filistiyawa sun kafa sansani a Baitalami, garinsu, sai ya yi marmarin ruwan rijiyar da ke bakin ƙofar garin. Ba umarni ya bayar ba, kewar gida ce kurum ta sa ya furta. Mutanen nan uku suka tashi, suka keta sansanin abokan gaba, tafiyar fiye da mil 10, suka ɗebo ruwan suka kawo. Dawuda ya karɓa, ya ƙi sha, ya tsiyaye shi hadaya ga Ubangiji, domin a ganinsa jinin mutanen ne a cikin tulun.

Ina yaro na ɗauki wannan wulaƙanci ne. Sai da na girma na gane cewa biyayyar da mutum ya sa ransa a ciki ta fi ƙarfin cikin ɗan Adam, ko da sarki ne. Allah kaɗai ya cancance ta. To, fastoci da dattawan ikilisiya, da ku nake. Baikon da gwauruwa ta rage daga kuɗin cefane, da guzurin da zumuntar mata suka tara, da gumin matasan da suka kwaɓa bulon majami'a ba lada, duk ruwan Baitalami ne. Hannunku aka miƙa wa, amma ba a kawo shi don maƙogwaronku ba. Mu mabiya kuma, mu yi hidima da zuciya ɗaya, muna sane da cewa sarkinmu na gaskiya shi ne Yesu, Ɗan Dawuda, haifaffen Baitalamin nan, wanda bai nemi jininmu ba, nasa ya bayar.

Wanda ya daure ya karanta jerin har ƙarshe zai ga abin da ya sa na yi wannan gargaɗi. Sunan ƙarshe shi ne Uriya Bahitte. Baƙo ne a Isra'ila, amma sa'ad da Dawuda, bayan ya yi wa matarsa Batsheba ciki, ya kirawo shi daga yaƙin Rabba (inda birnin Amman na ƙasar Jodan yake a yau) don a rufe asiri, Uriya ya ƙi kwana a gidansa tun da akwatin alkawari da 'yan'uwansa sojoji suna sansani. Aka bugar da shi, duk da haka bai je ba. Daga bisani shi da kansa ya kai wa Yowab wasiƙar da ta ce a sa shi inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Wato sarkin da a kogo ya ji tsoron shan ruwa saboda jinin mutanensa, da ya zauna a fada, shi ne ya zubar da jinin ɗayansu saboda sha'awa.

Annabi Natan ya tsauta masa, Dawuda ya tuba, Allah ya gafarta, ko da yake takobi bai rabu da gidansa ba. Sunan Uriya kuwa bai ɓace ba. Da Matiyu ya zo rubuta asalin Yesu a sura ta 1, ya kai kan mahaifiyar Sulemanu, bai kira ta Batsheba ba. Da sunan Uriya ya ambace ta.