Ra'ayinmu: Hanyar Zama Lauya Doguwa Ce, Mu Raka 'Ya'yanmu

'Yan'uwa, duk lokacin da maganar takardar fili ko gādon gwauruwa ta kai kotu, mukan shiga neman lauya daga nesa, mu biya da tsada. Ikilisiyoyinmu sun yaye malamai da ma'aikatan jinya da yawa, amma lauyoyi kaɗan ne. Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Mu iyaye da dattawa, da yawa cikinmu ba mu san hanyar ba.

Tafiyar tana farawa tun ajin SS1, ranar da yaro ya zaɓi darussansa. Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da adabin Turanci, kuma jami'o'i da yawa suna neman lissafi. Yaron da ya ajiye adabi ya rufe wa kansa ƙofa bai sani ba. Bayan JAMB sai shekara 5 a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Jos, ko ta Maiduguri. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ta amince da sashen lauya na jami'ar.

Digiri kaɗai ba ya ba mutum izinin tsayawa gaban alƙali. Sai ya yi shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda dokar 1962 ta kafa. Hedikwatarta tana Bwari, tana da rassa a Bagauda da Yola da wasu garuruwa. A nan ne 'ya'yan talakawa suka fi makalewa, domin kuɗin makaranta da littattafai da na rigar lauya suna zuwa lokacin da rumbun gida ya riga ya ƙare.

Mai sha'awar aiki a hukumomin duniya kuma ya riƙe Faransanci da hannu biyu. Da Turanci da Faransanci ake aiki a sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma hedikwatar ECOWAS da kotunta a Abuja suke. Taslim Elias ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985, Chile Eboe-Osuji kuma ya shugabanci kotun ICC daga 2018 zuwa 2021. Dukansu 'yan Nijeriya ne.

Roƙonmu uku ne. Dattawa su gayyaci lauya ya yi wa matasa magana kafin su zaɓi darussa. Kowace gunduma ta buɗe asusu domin shekarar Makarantar Lauyoyi, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Kuma kada a tsallake 'yan mata sa'ad da ake zaɓen waɗanda za a taimaka wa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna fata kowace majalisar dattawa za ta sa wannan batu cikin zamanta na gaba. Ubangiji ya taimake mu.